Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga likitocin da ke sauya bawul ɗin zuciya: a ina za a kafa wayar?

Zuwa ga likitocin tiyatar zuciya, da masu sauya bawul ta hanyar jijiya, da ƙwararru kan lantarkin zuciya, da shugabannin sassan zuciya na asibitoci.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa,

Ni ma'aikaci ne a ɗakin duba na'urar daidaita bugun zuciya, inda marasa lafiyarku suke ci gaba da zuwa shekara da shekaru bayan kun gama naku aikin an sallame su. Magana guda ce ta sa na rubuto muku. Idan sauya bawul, wato ƙyauren da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya, ya taɓa hanyar lantarkin zuciyar mutum har ta kai sai an sa masa na'ura, to wurin da za a kafa bakin wayar da ke haɗa na'urar da zuciya shawara ce mai nauyi, nauyinta bai gaza na zaɓen bawul ɗin kansa ba, kuma bai kamata a bar ta a hannun sabo ko gaggawar sallama ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na san darajar abin da kuke yi. Tun daga watan Afrilun 2002, lokacin da Alain Cribier ya sa wa mutum bawul ɗin awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, ta siririn bututu a birnin Rouen na Faransa ba tare da an tsaga ƙirji ba, tsofaffi marasa adadi waɗanda a da ake ce wa jikinsu ba zai ɗauki tiyata ba sun samu sauran kwana cikin numfashi mai daɗi. Saboda girman wannan nasarar ne ma nake jin ciwo idan na ga an rage mata albarka a mataki na ƙarshe.

Kun fi ni sanin abin da zan faɗa yanzu, amma tunda wasiƙar a buɗe take, marasa lafiya da 'yan uwansu za su karanta, ku yi mini haƙuri in yi bayani. Saƙon da ke sa zuciya ta buga yana tasowa ne daga ɗakin sama na dama cikin ɗakunan zuciya huɗu, ya sauko zuwa wani ƙulli da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, wanda Sunao Tawara ya bayyana a 1906. Daga nan ya shiga wata siririyar igiya mai sunan Wilhelm His, wanda ya gano ta a 1893. Igiyar tana bin gefen ƙasa na wani sirantaccen ɓangare na bangon da ya raba zuciya biyu, sannan ta rabu reshe biyu, na dama da na hagu. Reshen hagu yana fitowa ne dab da ƙarƙashin bawul ɗin awota, tazarar 'yan milimita kawai. Kamar wayar wuta ce da aka binne a bango a jikin ƙyauren ɗaki: duk mai sauya ƙyauren, komai gwanintarsa, a kusa da ita yake bugun gudumarsa. Ƙarfen sabon bawul idan ya buɗe yana danna wurin. Likitan tiyata idan yana kankare daskararren kalsiyam ko yana ɗinki, allurarsa a nan take wucewa. Wani lokaci reshen hagu kaɗai ke toshewa. Wani lokaci saƙon ya katse gaba ɗaya, ɗakunan ƙasa su koma bugun kansu na sau 30 ko 40 a minti, ko ƙasa da haka, mutum ya riƙa jiri yana faɗuwa.

Wannan ba abu ne da ke faruwa jefi-jefi ba. A manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2019 kan marasa lafiyar da tiyata ba ta da haɗari sosai gare su, na PARTNER 3 ya nuna kusan kashi 6.5 cikin 100 na waɗanda aka sa wa bawul mai buɗewa da balan-balan sun buƙaci na'ura cikin kwana 30, na Evolut kuwa, inda aka yi amfani da bawul mai buɗe kansa, ya nuna kashi 17.4. Bawuloli sun inganta tun daga lokacin, dabarun sa su ma haka, amma yawan mutanen da ake yi wa aikin ya ninka, shekarunsu kuma suna raguwa. Mutumin da aka sa wa na'ura yana ɗan shekara 88 da wanda aka sa wa yana ɗan 65 ba lissafi ɗaya ake yi musu ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yawancin alamun haɗarin suna nan a fili tun kafin mara lafiya ya hau gado. Wanda takardar ECG ɗinsa, wato zanen lantarkin zuciyarsa, ta nuna reshen dama ya riga ya toshe, a kan reshen hagu kaɗai yake rayuwa, kuma shi ne reshen da bawul zai danna. Babu alamar da ta fi wannan ƙarfi. Hoton CT da kuke ɗauka don auna girman bawul, shi ne dai zai nuna muku tsawon sirantaccen bangon nan da inda kalsiyam ya taru a ƙarƙashin bawul. Idan bangon gajere ne, igiyar tana kusa, kuma duk milimita ɗaya da bawul ya ƙara nutsewa ƙasa tana da farashi. Tun ran gini ran zane. Me zai hana ƙwararren lantarkin zuciya ya zauna a taron da ake yanke shawarar aikin, ya ga waɗannan hotunan tare da ku, a rubuta tun a ranar cewa idan hanya ta katse ga irin na'urar da za a sa, ga inda wayar za ta? A asibitoci da yawa sai abin ya faru ake kiransa, mara lafiya na kwance da wayar wucin gadi a wuya, ana neman gadonsa, sai a yi abin da ya fi sauri.

Gaggawar nan kaifi biyu gare ta. Ƙa'idojin Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai na 2021 sun ce a sa na'urar dindindin idan katsewar saƙo mai tsanani ta ci gaba awa 24 zuwa 48 bayan sauya bawul ta jijiya, bayan tiyatar buɗe ƙirji kuwa a jira aƙalla kwana 5 sai dai in da dalilin da ke nuna hanyar ba za ta farfaɗo ba. Hikimar jiran ita ce kumburi da danniya suna sauka, hanya ta dawo. Muna ganin mutane a ɗakinmu bayan watanni, na'urarsu tana zaune kusan ba ta yin komai domin zuciyarsu ta koma aikinta. A ɗaya gefen kuma akwai wanda aka sallama washegari da sabuwar toshewar reshen hagu, ba a bi shi da wani sa ido ba, bayan mako guda aka dawo da shi a sume. Ƙa'idojin nan sun yi maganar irinsa: idan faɗin QRS, zanen ECG da ke nuna bazuwar saƙo a ɗakunan ƙasa, ya haura milisakan 150 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), ko tazarar PR, lokacin da saƙo ke ɗauka daga sama zuwa ƙasa, ta haura 240, a bi shi da na'urar naɗar bugu ta kwana 7 zuwa 30, ko a auna hanyar daga ciki kafin ya tafi.

To, an tabbatar sai an sa na'ura. A nan ne ainihin kukana yake.

Tun da aka fara dasa na'ura a jikin ɗan Adam, a 1958 a Stockholm, lokacin da Åke Senning ya sa wa Arne Larsson wadda Rune Elmqvist ya ƙera, aikin ya ceci rayuka ba iyaka. Da wayoyin da ake zurawa ta jijiya suka zama ruwan dare, sai tsinin ɗakin ƙasa na dama ya zama masaukinsu, domin wurin yana da sauƙin isa kuma waya tana zama daram. Amma saƙon da ya tashi daga nan ba ya hawa hanyar da Allah ya shimfiɗa wa zuciya. Zaruruwan Purkinje, ƙananan rassan da hanyar ke ƙarewa da su, suna kai saƙo da gudun mita 2 zuwa 4 a daƙiƙa, shi ya sa ɗakunan ƙasa biyu suke matsewa kusan lokaci guda. Saƙon da aka kunna a tsinin dama kuwa sai ya riƙa rarrafe daga tsoka zuwa tsoka, gudunsa bai kai mita ɗaya ba. Bangon tsakiya ya matse da wuri, bangon waje na ɗakin hagu ya makara, wani ɓangare na turawa yayin da wani ke miƙewa. A takardar ECG, QRS da bai kamata ya kai milisakan 120 ba sai ya buɗe ya haura 150. Mun ƙirƙiro wa mutum toshewar reshen hagu ke nan da hannunmu, a kowane bugu, sau dubu ɗari a rana.

Wannan ba sabon sani ba ne. Gwajin DAVID na 2002 ya nuna yawan kunna ɗakin dama ba tare da buƙata ba yana cutar da masu raunin zuciya. Nazarin bayanan gwajin MOST ya nuna waɗanda na'ura ke kunna musu ɗakin dama fiye da kashi 40 na lokaci sun fi yawan kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya. Bincike daban-daban sun sa adadin waɗanda ƙarfin zuciyarsu ke raguwa saboda wannan tsakanin kashi 10 zuwa 20 na masu dogaro da na'ura sosai. Gaskiya ne mafi yawa suna jurewa. Amma ku tuna wace irin zuciya ce ake magana a kai. Zuciyar da ta shafe shekaru tana tura jini ta tsukakken bawul ta yi kauri, ta yi tauri, sau da yawa tana da tabo a cikin tsokarta. Ba ta da rarar ƙarfin da za ta ɓata wajen kokawa da kanta.

Ga yadda abin yake zuwa mana. Dattijo ya shigo bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu da aikin. Ya zauna, kafin ya amsa gaisuwa sai ya tsaya ya ja numfashi. Ka duba ƙafarsa, bakin safa ya yi mata zobe, ka danna ƙauri yatsa ya bar rami. Ka ɗora abin karantawa a kan fatar da ke ƙasan ƙashin wuyansa, allo ya nuna kunna ɗakin ƙasa kashi 99, batir lafiya, waya lafiya, duk lambobi kore. Ya ce maka, "Ɗana, watannin farko har bene nake hawa, yanzu kuwa da matashi uku nake kwana." A tura shi hoton eko, wanda ke nuna motsin zuciya, a ga bawul yana buɗewa yana rufewa yadda ake so, amma ɗakin hagu ya faɗaɗa, jinin da yake fitarwa a kowane bugu ya sauko daga kashi 55 na abin da ke cikin ɗakin zuwa wajen 35. Likitan bawul ya duba ya ce nasa aikin ba matsala. Mai na'ura ya duba ya ce nasa ma haka. Dukansu gaskiya suka faɗa, mutumin kuwa an gudu ba a tsira ba.

Da babu wata hanya da na yi shiru. Akwai. A shekarar 2000 Pramod Deshmukh da abokan aikinsa a Amurka suka nuna za a iya kafa waya ta dindindin a kan igiyar His kanta, saƙo ya bi hanyarsa ta asali. Dabarar tana da kyau ƙwarai, amma wurin ƙarami ne, yana yawan buƙatar wuta mai ƙarfi wadda ke cinye batir, kuma buƙatar takan ƙaru bayan an gama aiki. Ga masu sabon bawul ɗin awota akwai ƙarin matsala: raunin yakan kasance a ƙarshen igiyar ko a ƙasanta, don haka kunnawa daga sama ba lallai saƙo ya tsallake ba. Sai a 2017 Weijian Huang na Wenzhou a ƙasar Sin ya ba da rahoton wata hanya: a shiga daga gefen dama, a murɗa wayar ta ratsa bangon tsakiya har ta kai reshen hagu, ƙasa da inda aka ji rauni. Wani bincike na cibiyoyi da dama da aka buga a 2020 kan waɗanda aka sauya wa bawul ta jijiya ya samu nasarar kafa waya a igiyar His a kashi 63, a yankin reshen hagu kuwa a kashi 93.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin aiki ana yin wannan ba zai manta ba. Likita ya kai bakin bututun jagora santimita ɗaya zuwa biyu ƙasa da igiyar His, ya tsayar da shi daidai da bango, ya fara murɗa wayar da yatsu. Idon kowa na kan V1, ɗaya daga cikin layukan zanen ECG. Da farko zanen faffaɗa ne mai ɗan tsaga a gindinsa. Ana murɗawa tsagar tana hawa, tana hawa, har ta fito a ƙarshen zanen a matsayin ɗan tsini mai kallon sama. A layin V6 kuma lokacin da saƙo ke ɗauka ya kai ƙololuwa sai ya yi tsalle ya gajarce, ya sauko ƙasa da milisakan 80, ya tsaya a nan ko an ƙara wuta ko an rage. An kama hanya ke nan. Wutar da ake buƙata kaɗan ce, yawanci ba ta kai volt ɗaya ba.

Ba ina cewa kowa a yi masa haka ba, kuma ba zan ɓoye nauyin abin ba. Waya na iya zarce bango ta faɗa ɗakin hagu. Bangon da ya yi tabo ko kalsiyam ya cinye yana iya ƙin karɓarta. Rajistar MELOS ta Turai, wadda aka buga a 2022 da marasa lafiya sama da 2,500 daga cibiyoyi 14, ta nuna nasara fiye da kashi 90 ga masu jinkirin bugu, amma ta kuma nuna hannu ba ya faɗawa sai an yi aikin sau fiye da 100. Yawancin hujjojin da ake da su kan amfanin hanyar na dogon lokaci daga bibiyar marasa lafiya suke, ba daga manyan gwaje-gwajen da ake raba mutane da ƙuri'a ba. Ga wanda zuciyarsa ta riga ta yi rauni sosai, na'urar da ke kunna ɗakunan ƙasa biyu tare, da waya ta uku a jijiyar bayan zuciya, ita ce mai tsohuwar hujja, kuma gwajin BLOCK HF na 2013 ya nuna ta fi kunna dama kaɗai ga masu katsewar saƙo waɗanda ƙarfin fitar jininsu bai wuce kashi 50 ba. Wanda na'urarsa za ta yi aiki sa'i-sa'i kawai, wayar gargajiya ta ishe shi idan aka saita ta ta riƙa jiran zuciya. Wanda jijiyoyinsa suka toshe ko yake cikin haɗarin kamuwa da ƙwayar cuta, ƙila ƙaramar na'ura marar waya ce ta dace da shi. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Bugun Zuciya ta Amurka ta fitar a 2023 tare da takwarorinta na Asiya da Latin Amurka sun haɗa kunna ɗakuna biyu da kunna hanyar asali a ƙarƙashin inuwa ɗaya, suka ɗora shawarar kan tambayoyi biyu: yaya ƙarfin ɗakin hagu yake, kuma kashi nawa na lokaci ake sa ran na'urar za ta yi aiki, inda suka ɗauki kashi 20 zuwa 40 a matsayin mai yawa. Abin da nake roƙo shi ne a yi waɗannan tambayoyin biyu da babbar murya a kan kowane mara lafiya, a rubuta amsar. Idan an zaɓi tsinin dama ga mutumin da hanyarsa ta katse gaba ɗaya, a rubuta dalili.

Kada kuma wani ya ce a sa mai sauƙi yanzu, in zuciya ta yi rauni a ƙara waya daga baya. Rajistar REPLACE ta 2010 ta nuna manyan matsaloli sun samu kashi 4 na waɗanda aka sauya wa batir kawai, amma kashi 15.3 na waɗanda aka koma aka ƙara wa waya. Jijiyar da waya ta daɗe a cikinta takan tsuke ko ta toshe, aljihun na'urar da ke ƙarƙashin fata idan aka sake buɗe shi ya fi saurin kamuwa da cuta, kuma ƙwayar cuta a jinin mai bawul na roba ko na ƙarfe kowa ya san abin da take nufi. Aikin farko shi ne dama mafi kyau.

Ga ƙwararrun lantarki ina da wata magana ta musamman. Takardu suna zuwa mana an rubuta "an kunna reshen hagu", mu ɗauki ECG mai layi 12 mu ga QRS faffaɗa, babu ko alama ɗaya ta kama hanya. Wayar ta shiga bango ne ta tsaya a tsakiya. Wataƙila hakan ma ya fi tsini, amma a kira shi da sunansa. Ƙungiyar Bugun Zuciya ta Turai ta fitar da matsaya a 2023 kan yadda ake tabbatar da kamawa. A bi ta, a adana zanen da aka gani a ɗakin aiki, a turo mana kwafi. In ba haka ba, nan da 'yan shekaru za a tara sakamakon abubuwa daban-daban da suna ɗaya, a yanke wa dabarar hukuncin da ba nata ba.

Likitocin tiyata, ku ma abin ya shafe ku, har ma ta wata fuskar ya fi. Marasa lafiyarku sun fi ƙuruciya. Yarinyar da zazzaɓin rumatik ya lalata wa bawul biyu tana 'yar shekara 19, idan hanyarta ta katse bayan aiki, shekara 50 ko fiye za ta yi tana dogaro da waya. Wanda ƙwayar cuta ta yi wa ƙurji a gindin awota, tun kafin a buɗe shi an san hanyar ba lallai ta tsira ba. Sai kuma bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan dama: idan na ƙarfe kuka sa, babu wayar da za ta ratsa shi, idan na nama ne ko gyara kuka yi, wayar da ta ratsa tana iya hana shi rufewa. Ƙirji na buɗe a gabanku, zuciya na hannunku. Lokacin ne ya fi dacewa a yanke ko za a bar waya a bayan zuciya, a kuma zaɓi wurin da zai fi amfanar ɗakin hagu, maimakon a rufe sannan a fara neman mafita.

Shugabannin asibiti, babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu idan ba ku sa hannu ba. Cibiyar da ke sauya bawul ɗari-ɗari a shekara amma ba ta da likita ko ɗaya da aka ba lokaci ya koyi wannan aikin, ba ta da bututun jagora da na'urar naɗar saƙo a ɗakin dasa waya, hidimarta ba ta cika ba. Ku tura mutane su koya a wurin waɗanda suka iya, ku ba su ƙarin lokaci a jadawali a watannin farko ba tare da tsangwama ba, ku horar da mu ma masu duba na'ura, domin saitin wayar His da na reshen hagu ba irin na gargajiya ba ne. Inda ba a kai ga haka ba tukuna, a samu yarjejeniya da cibiyar da ta iya.

Shi kuma mara lafiya, a gaya masa. Kafin ya sa hannu a takardar aikin bawul ya san akwai yiwuwar ya fita da na'ura, ya san nasa haɗarin babba ne ko ƙarami bisa ECG ɗinsa, ya san akwai wuri fiye da ɗaya da ake kafa waya. Ranar sallama kuma, don Allah, takardar da zai kawo mana ta ƙunshi ECG na kafin aiki da na bayansa, da ainihin inda bakin wayar yake, da ƙarfin ɗakin hagu a ranar, da ranar da za a sake yi masa eko cikin shekarar farko, da sunan likitan da za mu kira idan muka ga kunnawa ta yi yawa kuma ƙafa ta fara kumbura.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Ma'aikacin ɗakin duba na'urar bugun zuciya